Ni Na Ɗauki Hoton Tifar Babana

Anti Hadijatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, a Karmo muke zaune. Akwai wani rafi a bayan unguwarmu, a nan mata ke wanki, manoma kuma suna ban ruwan alayyafo da shi. Shekara uku ke nan da na shiga kulob ɗin kula da muhalli na makarantarmu, wanda Malama Vivian ta kafa. Duk Asabar muna zuwa mu kwashe leda da robobi, mun dasa itatuwa a gaɓa, har kifi ya fara dawowa, ƙanana dai, amma mun gani da idonmu. Bana aka zaɓe ni shugaba.

Sai tifofi suka fara juye ɓaraguzan gini a bakin ruwan. Ruwa ya toshe, ya koma kore, yana wari. Gonar wani tsoho, Baba Zacharias, ta cika da ɓaraguzan siminti, ranar na ga dattijo yana hawaye. Malama ta ce mu samo shaida. Wata Asabar da hantsi wata tifa ta zo, na laɓe bayan bishiya na ɗauki hoto. Anti, tun kafin in ga lambar na gane ta. Babana ne a ciki. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wa wani kamfani.

Kwana biyu hoton yana wayata. Na so in goge, wallahi na so. Amma ni ce kullum nake gaya wa 'yan kulob kada su ji tsoron kowa. Na tura wa Malama, ban faɗa mata ko waye ba, a tunanina kamfanin za a kama. Da hukuma ta je, ogansu ya ce bai aiki kowa can ba, direba ne ya yi gaban kansa. Suka kore shi.

Yau wata huɗu kullum yana zuwa tashar Utako neman motar da zai ja, yawanci haka yake dawowa. Ya rame. Bai san ni ce ba. Shekaranjiya ma na ji yana yi wa maƙwabcinmu alfahari, wai 'yarsa ce ke gyara rafi. Na shiga ɗaki na yi ta kuka. Tifofin sun daina zuwa, ruwa ya fara gudu, amma ni ko hanyar ba na iya bi. Karatu ma ba ya shiga kaina. In gaya masa? In bar kulob ɗin?

'Yarki mai nadama, Karmo

'Yata, sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma ta taɓa min zuciya.

Ba ki ci amanar mahaifinki ba. Gidaje da yawa na rayuwa da ruwan nan, kin kuma faɗi gaskiya a kansa. Shi ma ba mugu ba ne. Abin da ya yi ba daidai ba ne, amma direba inda aka aike shi yake zuwa, kuma wanda ya zalunce shi shi ne ogan da ya aike shi sannan ya musa. Kuskurenki ɗaya: a kwana biyun da hoton ya yi a wayarki, da mahaifinki ya kamata ki fara magana.

Ki gaya masa, kafin ya ji a bakin wani. Fara da mahaifiyarki, ita ta san lokacin da ya dace, ta kuma zauna tare da ku. Zai iya yin fushi, zai iya yin kwanaki bai kula ki ba. Ki jure, kada ki kare kanki. Mutumin da ke alfahari da mai gyara rafin da shi ya zuba wa ɓaraguzai, tuni abin yana cin ransa.

Malama Vivian ma ki faɗa mata gaskiya. Idan mahaifinki ya yarda, ta taimaka a rubuta wa hukuma yadda aka yi, ya kuma kai kukansa ƙungiyar direbobi. Ba na miki alkawarin za a mayar da shi aiki, amma a wanke sunansa ma babban abu ne ga mai neman wani.

Kada ki bar kulob. Miƙa shugabanci ga mataimakinki har ki gama jarrabawa.

Allah ya buɗa wa mahaifinki ƙofar da ta fi wadda aka rufe, ya ba ki ƙarfin zama a gabansa ki ce, Baba, ni ce.

Anti Hadijatu