Inuwar Hafsatu da Aka Ƙona

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Daura sai godiya.

Ka roƙi hoton 'yarka Hafsatu, maigidana kuwa ya hana ɗaukar hoto. Sai na tsayar da ita a hantsi, na zana inuwar fuskarta, na yanko a baƙin yadi, har da kitsonta. Da zazzaɓi ya kama ta, ƙanwarmu Binta ta gaya wa dangin uwar yarinyar wai kurwarta na yanke. Suka ƙona yadin, suka tafi da ita Mashi. Binta ce fa ta riƙe mini kanta ina zanawa.

Ka yi mini addu'a, ka gaida mutan gida. In za ka rubuto, kada ka ba ni gaisuwar Binta.

Ƙanwarka,
Rabi