Hoton Gonar da Ba ta Bana Ba

Tamanrasat, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke cikin gidanmu. Allah ya sassauta wa Inno ciwon gwiwar nan, ya raya jaririn Ramlatu da na ga hoton sunansa. Ni ma ina nan da rai, muna ta aikin gini, jiki dai ya gaji. Na ba Alkasum direba takardar ya kawo maka hannu da hannu. Ban yi maka bokal ba, wato saƙon murya, don na san salularka hannu goma take bi kafin yamma, kuma yadda raina yake a ɓace, in na buɗe baki zan faɗi abin da ba ya gogewa.

Lawali, kai ka buɗe mana gurup ɗin nan na Watsap, ka ce don mu da ke nesa mu riƙa ganin gida. Ban taɓa raina shi ba. A ciki nake ganin wanda ya haihu da wanda ya yi aure, a ciki na ga ɗan maraƙin nan mai ƙafa biyar da kuka kwana uku kuna gardama a kansa. In na tashi daga aiki shi nake fara dubawa. To a ƙarshen damina ka sako hoton gonarmu, gero ya yi kore shar, zangarniya ta sunkuya, ka rubuta alhamdu lillahi a ƙasa. Kowa ya yi ta aiko barka. Ni har leburorin da muke aiki tare na nuna wa.

Ga abin da hotonka ya haifar. Ƙungiyarmu ta 'yan Damagaram da ke nan ta haɗa hannu don a sayi gero a Zinder a kai ƙauyukan da fari ya ƙone. Ranar taron, shugabanmu Mai Nasara ya ce kowa ya tashi ya faɗi halin garinsu tsakaninsa da Allah. Wani Musa daga wajen Takieta ya tashi, sai hawaye. Da aka zo kaina, na ɗaga salula na nuna musu gonarka. Na ce mu Allah ya rufa mana asiri, a cire sunan garinmu a ba waɗanda suka fi mu buƙata. Aka yi ta sa mini albarka. Na koma masauki ina jin na yi abin kirki a rayuwata.

Shekaranjiya Idirisu ɗan gidan liman ya sauka nan neman aiki. Na yi masa barka da kaka, sai ya tsaya yana kallona kamar na zage shi. Ya ce wace kaka? Ya ce ruwa ya ɗauke tun gero yana gwiwa, abin da kuka yanka bai cika dami shida ba. Ya ce Inno 'ya'yan anza na daji take jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Ya ce kamiyon ƙungiya, babbar motar geron, ya wuce ta bakin garinmu kuna kallo, ya sauke kaya a garin gaba, kuma da Inno ta aika a tambayi dalili, aka ce mata ɗanta Tanimu ne ya ce sun ƙoshi. Ka ji abin da aka gaya wa uwarmu a kaina. Na fito da hoton na buɗe shi da yatsa biyu, sai ga ragon nan mai baƙin kunne ɗaure a gefen gona, wanda aka yanka da layyar bara waccan. Wata biyu ina kallon mataccen rago ina godiya ga Allah!

Me na yi maka, Lawali? Da ka yi shiru ma, da na tambaya. Amma ka zauna ka tono tsohon hoto, ka zaɓi mafi kyau, ka sa sunan Allah a ƙasansa. Na kira ka sau nawa, kana ce mini sai godiya? Na san sai godiya ake cewa, ni ma a gidan aka haife ni. Amma bayan gaisuwa ai akwai magana, kuma ni ba baƙo ba ne da za a sallama daga zaure.

Ba zan zalunce ka ba duk da haka. Na san surukan 'yar'uwarmu Rabi suna cikin gurup ɗin, kuma babu mai son su ga cikin rumbunsa. Ina kuma zaton Inno ce ta ce kada a tayar mini da hankali, halinta ne. Ni ma ba wankakke ba ne. Farar motar da na jingina da ita na aiko muku ta mai aikinmu ce, ko kujerarta ban taɓa zama ba. Mu shida muke ɗaki ɗaya. Lokacin da bayana ya riƙe na yi sati biyar a kwance, hoton murmushi na aiko. Wataƙila da ka ga motar ka ce yayanka ya zama babban mutum, bari kai ma kada ka ba shi kunya. Mun yi ta yi wa juna kwalliya, tsohuwa tana cin anza.

Yanzu ga abin da ya rage. Akwai lodi na biyu, kuma shi ne na ƙarshe. Za a tsayar da sunayen garuruwa ranar Juma'a ta sama. Na je wajen Mai Nasara, ya saurare ni, ya ce bai ƙaryata Idirisu ba, amma mutane sun ga kore da idonsu, ba za su janye buhu daga bakin wani gari a kan maganar baki ba. Gaskiyarsa. Saboda haka ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka hau rumbu ka ɗauki hoton cikinsa. Ka je gona ka ɗauki karan yadda yake. Ka sa mai gari ya yi bokal da bakinsa, ya faɗi sunansa da ranar. Ba gidanmu kaɗai na cire ba, gari guda na cire, har da marayun Mamman. Kada ka ɗauki fuskar Inno, kada ka ɗauki kwanonta. Ni zan tsaya gaban mutanen da suka sa mini albarka in ce su mayar da abarsu, ban cancanta ba. Wannan kunyar tawa ce, zan sha. Taka ita ce ka danna ka aiko.

Ka gaishe da Rabi da maigidanta, da Ramlatu mai jego, da matarka Hajara, da Baba Suma'ila. Ka yi wa liman albishir ɗansa ya sauka lafiya. Inno kuwa kada ka gaishe ta da bakinka. Ka zauna gabanta ka karanta mata takardar nan tun daga sama, kada ka tsallake layi ko ɗaya, har inda na tone kaina. Ina so ta ji cewa ɗanta bai ce ta ƙoshi ba yana sane.

Wassalam. Ni ne yayanka, mai fushi da kai, wanda kuma ba shi da wani ƙane sai kai,

Tanimu Sani.