Zuwa ga Yasir, Kafin a Rufe Hanyar Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Yasir, a Santambul. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kana kuma tsai da salla a kan lokacinta.

Na aika maka saƙo ta waya, ya shiga, ba ka buɗe ba. Ƙanwarka Ruƙayya ta kira ka, ka ce kana aji. Na lura abin da aka rubuta a fili, a ƙasan darussan da kake ɗorawa a intanet, shi kake karantawa har ka amsa, don haka ga ni na fito fili. Na rubuta da Hausa ne saboda ɗalibanka ba sa jin ta. Iyakar rufin asirin da zan iya yi maka ke nan a yau. Mutanenmu na unguwar Tandabawi da za su gani kuwa, ba abin da zan faɗa da ba su riga sun sani ba.

Na kalli darasin da ka ɗora ranar Talata, wanda kake koya wa masu jin Farisanci Turanci. Turancin da na yi a sakandare kafin a kawo ni Makka bai gudu duka ba, na bi ka daki-daki. Ka rubuta musu look after a kan allo. Ka ce kada kalmar farko ta ruɗe su, ba kallo ake nufi ba, kula ake nufi. Ana faɗinta a kan renon yaro, da jinyar marar lafiya, da gidan maƙwabci in ya yi tafiya ya bar maka amana, har da jakar da wani ya ce ka riƙe masa ya shiga banɗaki. Ka kuma ce ana faɗa wa mai tafiya ita a wurin sallama, wato ya kula da kansa. Ka iya koyarwa, wannan ba zan hana maka ba. Muryarka a natse take, ba ka gaggawa.

Sai ka zo kan misali. Ka ce da Turanci mahaifinka ba shi da lafiya, kai ne kake kula da shi kullum. Ka sa su maimaita. Sannan ka juya harshe zuwa Farisanci ka yi magana mai tsawo, har ka ɗora hannu a ƙirji. Nan na rasa ka.

Na ɗauki wayar na sauka wurin Ummu Farid, matar mai gasa gurasar tamis ta ƙasan gidanmu. Ka san su 'yan Afganistan ne, harshensu ke nan. Ta fara fassara mini tana murmushi. Ta ce kana gaya musu a gidan da ka tashi ba a barin tsoho a hannun baƙo, ɗa ne yake yi wa ubansa alwala in ya kasa. Daga nan murmushin ya ɗauke. Ita ce take riƙe mana ƙofa duk ranar da za a sauko da Abbanka zuwa asibiti, ta san waɗanda suke ɗaukarsa. Na ce ta karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Addu'a ce suke ta yi maka, suna cewa Allah ya ba su ɗa irinka. Kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana godiya. Ta miƙo mini wayar ba ta ɗaga kai ba, ta tambaye ni ko zan sha shayi.

Kada ka ce mini misali ne kawai. Na zauna a aji, na san jimlar da malami ya rubuta a allo ba rantsuwa ba ce. Da a nan ka tsaya da ban ce komai ba. Amma addu'ar da aka yi maka bisa aikin da ba ka yi ba, ka karɓa ka ce amin. Wannan cin haƙƙi ne, Yasir. Haƙƙin Ruƙayya ne, wadda ta ajiye karatunta take juya Abbanku a gado tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Bayanta ya fara ciwo, tana ɓoye mini.

Shi kansa Farisancin, a ina ka samo shi? A bayan arabiyyar Abbanka, keken da yake tura tsofaffin alhazai a ɗawafi da Safa da Marwa. Kana riƙe musu takalma da gorar zamzam, tsofaffin Iran suna yi maka magana kana kwaikwayonsu. Ka dawo gida ka tsaya a bakin kicin kana yi mini ciniki da harshensu har na kore ka da ludayi.

Na tuna wata shekara a Mina, wata tsohuwa ta ɓace wa ayarinta, ba mai jin abin da take faɗi sai kai. Abbanka ya tura ta tanti bayan tanti cikin wannan rana, kana gaba kana tambaya, har aka ga mutanenta. Da kuka dawo ƙafafunsa sun kumbura. Abin da ya ce kawai shi ne: "Uwar wani ce."

Na kuma san abin da ya shiga tsakaninku, ina wurin. Ka ce ba za ka ƙare rayuwarka kana tura iyayen mutane ba. Shi kuma ya ce in ka fita ta ƙofar nan kada ka sake shigowa. Maganarsa ta yi tsauri, na gaya masa a ranar. Taka kuma rashin kunya ce, na gaya maka kai ma. Amma mutumin da ya faɗi waccan maganar ba shi ne yake kwance a ɗakin nan ba. Wannan kam, Larabcin ma ya fara kuɓuce masa, Hausar ƙuruciyarsa ce ta rage, ita ma a hankali take fita. Bayan la'asar yakan nuna wayar Ruƙayya da hannunsa mai lafiya, a kunna masa darasinka. Ba ya jin Turanci. Muryar yake so.

Ranar Talata ma ya saurara. Farisancinsa na kasuwa ne, amma ya tsinci kalmar uba a ciki, ya juyo ya tambaye ni me ka ce. Na ce masa karatu kake koyarwa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, abin da na hana ku yi tun kuna ƙanana. Kai ka sa ni a wannan matsayi, kuma ba zan sake tsayawa a cikinsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya duba zuciyarsa a makon jiya, ya kira ni waje ya ce in akwai na nesa a sanar da su. Kai ne na nesa. Iƙamarka, takardar izinin zamanka a ƙasar nan, ta mutu tun bayan tafiyarka, ba ka da hanyar shigowa sai da bizar Umara. A garin nan aka haife ka, ka san yadda ake yi. Muna cikin Shawwal. Ba da daɗewa ba za a dakatar da masu Umara, a tsare hanyoyi, ba mai wucewa sai mazaunin gari ko mai takardar Hajji, har sai alhazai sun watse. Ka ce za ka zo da azumi, azumi ya wuce. In ka ce bayan Hajji, ni ban san gaibu ba, amma ni nake jin numfashinsa, kuma ba zan yi maka alƙawarin zai jira ba.

Ba na neman ka aiko da komai. Ba na neman ka goge darasin, wannan tsakaninka da Allah ne. Ka zo. Ba wanda zai tayar da tsohuwar magana, na ɗauki wannan a wuyana. In kunya ce ta riƙe ka, ɗana, na san ta. Tun kana yaro in ka yi laifi sai ka zauna a matakalar bene har a kira ka da suna. To, na kira ka.

In kuwa ka yanke ba za ka zo ba, ba ni zan kai masa labarin ba, ba kuma Ruƙayya ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zaunar da shi, in kira lambarka, in kanga masa wayar a kunne. Ka gaya masa ranar da za ka sauka Jidda, ko ka gaya masa da bakinka ba za ka zo ba. In ba ka ɗauka ba, zan bar ta ta yi ta ƙara har ta katse, yana ji.

Allah ya shirye ka, ya tausasa zuciyarka, ya buɗe maka hanya tun tana buɗuwa. Allah ya ba Abbanka sauƙi, ya sa ya ga fuskarka da idonsa. Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Tandabawi, Makka.