Abin da Ya Hana Jiragenmu Zuwa Jana'izar Injiniya Ɗangana

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Matuƙan Jiragen Ruwa ta Yelwa, Ngaski da Shanga ta sami labarin rasuwar ubanta kuma abokin raharta, Alhaji Injiniya Ɗangana Sahabi, Garkuwan Matuƙa, tsohon jami'in ayyukan gari, wanda Allah Ya karɓi ransa a Yelwa ranar Talatar da ta gabata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi shi ne ya fara shigo da kwamfuta cikin hidimar garinmu, tun lokacin da akasarinmu ke ɗaukarta talabijin ce da ta ƙi kama tasha. Da wayar salula ta iso, sai ya tsara yadda mace za ta aika saƙo daga unguwarsu idan famfo ya mutu ko kwata ta toshe, na'ura ta nuna wa ma'aikata wurin, su kuwa su rasa bakin cewa ba su ji ba. Ya sha tsiya a kan wannan aiki, yana dariya yana ramawa.

Mu matuƙa, abin da ya yi mana ya fi haka. Kowace safiya yakan duba hasashen iska a kwamfuta, ya haɗa da abin da tsofaffin masunta suka gani a sama, domin bai taɓa raina idonsu ba, sannan ya tura saƙo ga sarakunan jirgi. In akwai haɗari, a ɗaga jan ƙyalle a kan gora, kowa ya ɗaure jirginsa. A wata tashar jirgin ruwa ta Ngaski, inda sabis ba ya kamawa sai a reshen tsamiya, har gobe can wayar take rataye, kuma Sarkin Jirgi Dauda, da furfurarsa, shi yake hawa. Damuwar marigayi ɗaya ce, ya kuma sha faɗa: kada aikin ya bi shi kabari, mu koma binne 'ya'yanmu duk farkon damina.

Ga uwargidansa, Hajiya Fatsuma, da 'ya'ya da dangi, muna da bayani, domin mun san kun duba sahu ba ku ga mutanen ruwa ba, abin kuma ya yi muku ciwo. A safiyar rasuwar, jirage sun cika maƙil da masu zuwa jana'iza, sai Malama Rahama Peter, wadda marigayi ya horar, ta ga iska na tafe. Tana kuka ta tura saƙon. Aka ɗaga jan ƙyalle, muka sauko muna gunaguni, muka yi masa addu'a a bakin gaɓa. Iskar ta zo, ta kwashe rumfunan kasuwa, amma ko jirgi ɗaya bai kife ba, ko rai ɗaya bai salwanta ba. Wallahi mun yi kuka a ranar, mun kuma yi murna.

Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa juriyar wannan rashi. Hajiya, ki yafe mana rashin zuwa. Umarnin maigidanki muka bi.

Sa hannu:
Malam Shamsuddeen Lukman Shanga
Kakakin Ƙungiya