Gyaɗar da Aka Maido Mini

Zuwa ga ƙanena Alhaji Sani, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zafin ƙafar Hajiya? Mu nan Ƙofar Sauri sai godiya.

Bayan haka, ƙarar ɗiyarka Dakta Hadiza na kawo maka. Tun da ta soma binciken nan na fumfunar hatsi ba ta ganin abincin kowa da daraja. Ta tarar ana yayyafa wa gyaɗata ta gonar Batagarawa ruwa don ta yi sauƙin ɓara, yadda mahaifinmu ke yi. Ta ɗebi kaɗan ta tafi da ita wurin aikinsu. Wai danshin ya haifar da guba mai cin hanta, wadda ido ba ya gani, wuta ba ta kashewa.

Da ni kaɗai ta gaya wa, da sauƙi. Sai da na aika buhu gidan surukaina don kunun jegon autata Binta, Hadiza ta bi ta ce kada mai jego ta sha. Sani, a baro aka maido mini buhun, unguwa na kallo! Na yi mata magana, wai "Baba, jaririn nake ji." To ni maƙiyin jikana ne?

Ina nan ina cin abata, lafiyata lau. Amma yanzu ko sadaka na miƙa, sai an tambaya ko Dakta ta duba.

Ka ja mata kunne. A sa mu a addu'a, a gaida Hajiya da yara.

Yayanka,
Malam Iro