Ɓerayen da Kika Tara Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Rakiya. Na iso Matameye, amma na makara. Har ƙasar kabarinki ta riga ta bushe.

Kin tuna yadda kike gabatar da ni ga baƙi? "Ga ƴata likitar ɓeraye." Sai ki yi dariya har ɗankwali ya zame. Ke da ba ki taɓa barin ɓera ya fita rumbunmu da rai ba, aka wayi gari ƴarki na Faransa tana shafa musu baya da safar hannu.

Kin san abin da ya kai ni. Ina makarantar lakwal lokacin da amosanin jini ya ɗauke ƙanena Sani. Ba ciwon ƙashin ne ya kashe shi ba, ɗan zazzaɓi ne da kowane yaro zai kwana biyu ya miƙe. Tun ranar nake son sanin abin da ya sa garkuwar jikin irin waɗannan yara take da rauni. Shi ya sa nake buɗe ɓargon ɓera, ina kallon yadda ƙwayoyin jini ke tsirowa, da inda masu kare jiki suke tsayawa ba su ƙarasa girma ba.

Da ƙanwata Zuwaira ta haifi Nana da ciwon kawunta Sani, ba ki yi kuka ba. Cewa kika yi, "Wannan karon muna da namu a cikin masu neman maganin."

Wata rana a waya na yi miki ƙorafi cewa ɓerayenmu sun yi ƙaranci, aiki ya tsaya. Maganar gajiya ce, Inna, na ma manta na yi ta.

Jiya Nana ta ja ni bayan ɗakinki. Na tarar da tsohuwar randarki, an rufe bakinta da rariyar ƙarfe, an ɗora dutse. Ɓeraye ne a ciki, sun yi ɓul-ɓul. Zuwaira ta ce tun daga wayar nan kika jefar da tarko. Kika bi maƙwabta, har ƴan uwanmu na Dawce, kina roƙon duk wanda ya kama ya kawo miki da rai. Mutane na cewa tsufa ya taɓa Hajiya, ke kuwa kina ɓare musu gujiyar da kika hana bakinki.

Na yi dariya, sannan na zauna a ƙasa kusa da randar.

Inna, ba za su yi ba. Namu zuri'a ɗaya ce da aka tsare a ɗaki mai tsabta, ko iskar waje ba ta taɓa su. Ɓeran rumbu ba ya ƙetare ƙofar wurin. Kuma ko da za su yi, babu inda zan kai su. Abin da muka zaci mun gano, da aka sake gwadawa bai fito ba. An rufe binciken. Kafin in taho, da hannuna na kashe sauran namu, ɗaya bayan ɗaya. Ƙuruciyata ta ƙare a ɗakin nan, kuma ba ni da ko ƙwayar magani da zan sa wa Nana a baki. Na gaji, Inna. Ina jin tsoro, kuma ba na ganin hanya.

Idon Nana ya fara yin rawaya, irin na Sani. Duk da haka kowace safiya sai ta ja ƙafa ta kai musu abinci, don kin ce mata, "Kada ki bari su mutu kafin innarki Rakiya ta zo, maganinki na jikinsu."

To, na zo.

Ranar komawata zan ɗauki randar a gaban idonta, a ɗaura ta kan mota a tasha. In mun yi nisa a hanyar Damagaram, zan roƙi direba ya tsaya, in cire dutsen. Ita kuma za ta zauna jira.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da Sani, ya saka miki kowace gujiya da kika ɓare. Allah ya kawo wa Nana sauƙi ta hannun wani, tunda nawa hannun wayam ya dawo. Amin.

Ƴarki,
Rakiya