Hannun da Safiya Ta Ɓoye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, ina rubuto miki daga Doha a kan jikarki Safiya, wadda ba ki rayu kin gani ba. Sanƙarau ya tafi da jinta da ganinta tana shekara biyu. Yanzu shekararta biyar.

Kin san ni da fim, Inna. Har gobe ina cewa shi ke lalata 'ya'yan mutane. Amma maƙwabciyata a unguwar Abu Hamour, wata 'yar Kumasi, ta matsa sai na kalli wani na Faransa. Yarinya ce kurma makauniya, malamarta tana yi mata alama a tafin hannu, ta yi ta maimaitawa har ranar da yarinyar ta gane. Da ya ƙare kasa tashi na yi.

Ina tuna ki a bakin murhu riƙe da muciya, kina cewa, "Mai miƙo hagu ba ya cin tuwona." Ban ce kin yi kuskure ba. Haka na ɗauko. In Safiya ta sa hagu a kwano, in buge hannun. In ta shafa fuskar baƙuwa, in buge. Wata Juma'a a Corniche, wajen shan iska na bakin teku, ta kama gemun wani dattijo, kunya ta sa na buge ta a gaban jama'a. Babanta ya ce, "Khalas, ya isa mana, Maman Safiya. Da me kike so ta gani?" Na ce tarbiyya ba ruwanta da lalura.

Wata biyu ke nan, da ta ji ƙamshin turarena sai ta dunƙule hannuwa ta cusa a hammata. Babanta kaɗai take buɗe wa, shi kuma yana can unguwar West Bay yana tuƙi har magariba.

Tsoro nake ji, Inna. Ta ina zan faɗa mata sunanta? Ta ina zan faɗa mata akwai Allah?

Jiya da hantsi na kifa goshina a gwiwarta. Can sai yatsa ɗaya ya taɓa kunnena. Na hagu ne. Wallahi hannuna ya ɗaga da kansa kafin in danne shi. Ta ji motsin, ta janye.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Ya riƙe mini wannan hannun nawa, Ya sa ta sake miƙo nata, ko da wanne ne.

'Yarki,
Binta